Barcin da Na Sa Wa Saƙona

Kafin na fara ina roƙon arziki guda. Duk wadda ta san "Allah ya ƙara" za ta rubuto min a ƙasan wannan labari, ta adana datarta, Gwaggo ta riga ta faɗa tun ranar Asabar, har da tafi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce auta a gidanmu, kuma sana'ata neman laifi. Ba habaici nake yi ba, albashi ake biyana a kai. Kamfaninmu yana yin manhajar waya wadda mutane ke kama layin ganin likita da ita. Samarin ofis su rubuta manhajar, ni kuma na rubuta wani ɗan mutum-mutumi a cikin kwamfuta wanda zai yi kamar shi ne majinyacin: ya buɗe shafi, ya cike suna, ya zaɓi rana, ya danna maɓalli. In komai ya tafi daidai, ƙaton allon da ke bangon ofis ya yi kore. In ya yi tuntuɓe allon ya yi ja, kowa ya juyo yana hararata kamar ni na haifi kuskuren. Shi ya sa a ofis ba a kirana da sunan yanka, Mai Ja suke cewa.

Aibin mutum-mutumin nan ɗaya ne, ba shi da haƙuri ko na anini. Kafin shafi ya gama buɗewa ya kai hannu, ya danna inda babu komai, ya faɗi ƙasa warwas. Don haka rabin aikina koya masa jira ne. Jiran kuma iri biyu ne. Akwai na ragwaye, wanda muke kira barci: ka ce masa rufe ido ka ƙirga sakan biyar, sannan ka danna. In shafin ya buɗe da wuri, an yi asarar lokaci. In ya makara kaɗan, ya danna iska. Barci makaho ne, agogo kawai ya sani, bai san abin da ke faruwa a gabansa ba. Sai kuma jiran masu hankali, jiran sharaɗi: ka ce masa zuba ido, ka yi ta leƙawa, da zarar maɓallin ya fito kuma ya dannu, danna. Ka kuma yanka masa wa'adi, don kada ya mutu a tsaye. Da ƙarin wata doka da nake koya wa duk sabon zuwa: abin da ka gani ɗazu ba lallai shi ne yake nan yanzu ba, sake dubawa kafin ka danna.

Ku riƙe wannan darasi, za ku ga inda ya dawo ya shaƙe malamarsa.

Yanzu ga Sakan-Biyar. Teburinsa na kallon nawa, tsakaninmu tukunyar wata fulawa ce da ta daɗe da rasuwa ba wanda ya yi mata jana'iza. Dogo ne, mai sanyin magana, rigunansa duka ruwan toka ne kamar wanda ya saye su a buhu, kuma yana da wani murmushi na gefen baki da ya kamata hukuma ta sa masa haraji. Sunan ni na raɗa masa, domin duk gwajin da ya zama mai aljanu, wato yau kore gobe ja ba tare da an taɓa komai ba, maganinsa ɗaya ne: a ƙara masa barcin sakan biyar. Shekara biyu muna wannan faɗan. Ban san ranar da faɗan ya koma ya riƙa ajiye min shayi a gefen kwamfuta, ya raka ni tashar mota, ya san ranar da Umma ke zuwa awon hawan jini ba. Na dai farga wata rana cewa in bai zo aiki ba, ofishin kaf sai ya yi min kama da ɗakin jira.

To amma yadda yake yi wa gwaji, haka yake yi min. In na ce yaushe za ka zo ka ga Abba, sai ya ce a ɗan ƙara masa lokaci. Wata ya wuce, a ƙara. Wani ya wuce, a ƙara.

Gwaggo ce ta fara gajiya. Yayar Abba ce, gidanta yana bayan namu, amma kujerar falonmu ta fi sanin nauyinta fiye da tata. Ranar Lahadin da ta wuce ta shigo da mayafi mai duwatsu da jaka mai sarƙa, ta zauna ta cire takalmi ɗaya, alamar zaman na dogo ne.

"'Yar nan, ɗan ƙawata ya dawo. Likitan haƙori. Asibitinsa na kansa, mota tasa, ga haƙora kamar an jera su da hannu."

"Ai dole, Gwaggo, ba ya biya."

Umma ta watso min harara daga bakin kicin. Gwaggo ta yi kunnen uwar shegu da ni ta juya wajen ƙaninta.

"Kai kuma ka zauna kana kallo, yarinya na jiran gawon shanu. Wancan mai rigar tokar, ko inuwarsa ka taɓa gani?"

Abba tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. Ya yi ritaya amma agogonsa bai yi ba. Ba mai yawan magana ba ne, kuma bai taɓa cusa wa 'ya'yansa wanda ba sa so ba. Ya naɗe jarida, ya sauke tabarau kan karan hanci, ya dube ni.

"Auta, ni ba na zaɓa miki. Amma jirgi ba ya kwana a tasha don fasinja ɗaya. Ki faɗa masa Asabar mai zuwa, ƙarfe biyar na yamma. In da gaske yake, ya zo da babba a gidansu mu gaisa. In bai zo ba, ya daina ɓata miki lokaci, ke ma ki daina ɓata wa kanki."

Na ce to. Wani sashe na zuciyata yana jinjina wa Abba, domin a duk gidan shi kaɗai ya san ba a jira babu wa'adi.

Na faɗa wa Sakan-Biyar tun Litinin. Ya ce ya ji. Talata shiru, Laraba shiru. Ranar Alhamis kuwa allon ofis ya wayi gari ja. Gwajin shafin zaɓen rana ne, wani tsohon mai aljanu. Oga ya fito daga ofishinsa na gilashi yana kaɗa makullin mota.

"Mai Ja, gobe za mu saki sabon salon manhajar. Mene ne wannan kuma?"

Kafin na buɗe baki Sakan-Biyar ya ce, "Oga, a sake kunna shi kawai, zai wuce."

Na ce, "Ba a sake kunna gwajin da ya faɗi sai an san dalilin faɗuwarsa."

"To a ƙara masa biyar."

"Akwai barci huɗu a cikinsa, duka da hannunka. Gwajin nan ya fi jariri barci."

Oga ya ce mu sasanta kafin la'asar, ya koma cikin gilashinsa. Na jawo kujera kusa da Sakan-Biyar na nuna masa. Maɓallin yana fitowa da wuri, amma wani ɗan zobe mai juyawa yana rufe shi na ɗan lokaci. Mutum-mutumi ya ga maɓalli, ya danna, ya danna zobe. Na cire barcin duka huɗun, na sa masa ya jira har zoben ya ɓace. Allo ya yi kore.

Na ce a hankali, ba tare da na kalle shi ba, "Ka gani? Fitowa daban, dannuwa daban. Kai ma kullum ana ganinka, amma ba ka dannuwa."

Ya juya cokali a kofin shayi. Can ya ce, "Mai Ja, tambaya ɗaya. Shekara biyu, kin taɓa cewa kina sona?"

"Ni aikina gano kuskure ne, ba yabo ba."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

"Za ka zo Asabar ko ba za ka zo ba?"

"Ki ɗan ba ni..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na tashi na ɗauki jakata na koma teburina, na ɓuya a bayan gawar fulawar har aka tashi.

'Yan uwa, a nan shaiɗan ya samu wurin zama. A motar komawa gida, ina matse tsakanin taga da wata mata mai kwandon kabeji, na ciro waya. Na san halina. Na san in biyar ta yi ranar Asabar bai zo ba, ba zan iya rubuta masa komai ba. Zan yi kuka, zan wanke fuska, in ya kira ya ce a ƙara masa mako zan ƙara. Don haka na yanke shawarar kada na bar aikin a hannun zuciyata. Wayata tana da wurin da ake rubuta saƙo a sa masa lokaci, ya tafi da kansa. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa ya fi na farko dafi, na sa masa Asabar ƙarfe biyar daidai. Na ce a raina, in ya zo ai sai na soke.

Kun ji ko? In ya zo sai na soke. Ni da nake yi wa maza wa'azi a kan barci, na sa wa saƙona barci, babu sharaɗi, babu leƙawa, sai agogo. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na Sakan-Biyar.

Asabar ta zo. Tun hantsi Umma ta sa aka ɗaga kujeru aka share ƙarƙashinsu, aka fito da kofunan gilashin nan da ba a taɓawa sai baƙon da ake jin kunya. Gwaggo ta iso tun azahar, wai ta zo taya Umma aiki, alhali kujerar gaba ta zo kamawa. Ni kuwa na ƙi yin kwalliya. Ina kwance da tsohuwar rigar barci mai hoton kyanwa, wayata tana caji a gefen gado, na riga na fara zaman makoki.

Wajen huɗu da rabi aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Na leƙa ta labulen taga. Wani dattijo ne mai farar riga da sanda, a bayansa kuma Sakan-Biyar, cikin shuɗiyar riga mai guga har tana yanka ido. Shuɗiya fa. Mutumin da bai taɓa zuwa taron ofis a kan lokaci ba, yau ya zo da saura rabin awa. Don daɗi na rasa dariya zan yi ko kuka.

Umma ta faɗo ɗakin. "Tashi, tashi, haka za ki fita kamar mai jinya?"

Daga nan ban sake mallakar kaina ba. Doguwar rigata ruwan zuma aka zaro daga ƙasan akwati, aka ga ta yamutse, aka jona dutsen guga. Gwaggo, duk da fuskarta a ɗaure, ba ta iya ganin ana kwalliya ba ta sa hannu ba. Ta ƙwace kwalli ta ce ban iya ba, ta soka min a ido, na yi hawaye, aka goge aka sake. Ɗan kunne ɗaya ya ɓace, aka same shi a cikin takalmi. Umma ta fesa min turare har sau uku, ta gyara min mayafi, ta ɗora min tire mai lemo da biskit.

Waya? Wace waya? Ko sunana aka tambaye ni lokacin sai na yi tunani.

Na shiga falo da sallama, na durƙusa na gaida dattijon, wanda ashe kawunsa ne. Sakan-Biyar yana zaune a ƙasa kan kafet, ya naɗe dogayen ƙafafunsa, kansa a sunkuye kamar bai taɓa yi wa kowa gardama ba. Na ajiye tire na koma bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna, inda Umma da Gwaggo suka riga suka kafa kunne.

Kawu yana cewa, "Yaron nan nauyin baki gare shi. Wata da watanni yana gyaran wani ɗan gida da ya kama, shi da kansa yake fenti in ya taso aiki. Ya ce ba zai zo gabanka ba sai ya ga inda zai ajiye 'yar mutane. Nuna wa Abbanku hotunan mana."

Gida? Fenti? Ashe tabon da nake gani a farcensa ina tsokanarsa ba na biro ba ne.

Ta tsagar labule na ga ya miƙa wa Abba wayarsa da hannu biyu. Abba ya sauke tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska yana turawa da ɗan yatsa ɗaya.

"Masha Allah. Wannan falon ne? Kore ka yi masa."

"Eh, Abba. Tana son ganin kore."

Umma ta matse min hannu. Ni kuwa hawaye ya riga ya fara kwashe kwallin Gwaggo.

Agogon bangon Abba, wanda bai taɓa saɓa alƙawari ba, ya buga biyar. Wayar da ke hannun Abba ta yi ƙara.

Jama'a, akwai irin sanyin da ke shiga mutum tun daga tsakar ka. Na tuna da saƙona.

"Saƙo ya shigo maka," in ji Abba. "Daga Mai Ja. Wace ce Mai Ja?"

"Ita ce, Abba."

"Auta? To ai na gida ne."

Abba yana da wata ɗabi'a tun zamanin sanarwar tasha: ba ya iya karatu a zuci. Ya gyara murya ya karanta dalla-dalla, yana ba kowace kalma haƙƙinta.

"Wa'adi ya cika. Gwaji ya faɗi. Kada ka ce a sake kunnawa, kada ka ce a ƙara biyar. Na gaji da jiran maɓallin da ba ya dannuwa. Likitan haƙori ma mutum ne."

Kawu ya ajiye kofin lemonsa a hankali. Sakan-Biyar bai ɗago ba, amma na ga wuyansa ya ƙage, murmushin gefen bakin nan ya tafi. Gwaggo ta tafa hannu sau ɗaya ta ce a kunnena, "Allah ya ƙara." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma layin ƙarshen ya yi ma'ana."

Abba ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na bango. "Saƙon dai ya zo a kan lokaci," ya ce, ya miƙa wa mai waya wayarsa.

Na kwasa da gudu zuwa ɗaki, na taka gefen rigata saura kaɗan na kifa. Na fizge waya daga caji. Ba kunya ce ta fi damuna ba, ko da yake ita ma ta isa. Tsoro ne. Mutumin nan ya yi wata da watanni yana shafa wa bango kore saboda ni, ni kuma na aiko masa da likitan haƙori a gaban kawunsa. In ya tashi ya fita yanzu, babu wanda zai ga laifinsa.

Na rubuta: "Kuskure ne. Tun Alhamis na sa masa lokaci, na manta ban soke ba. A sake kunnawa."

Alamar ya karanta ta fito. Ɗigon nan uku masu nuna yana rubutu suka fara rawa, suka tsaya, suka sake farawa. Sai ga amsa.

"Barci kika sa, Mai Ja?"

"Eh."

"Babu sharaɗi?"

"Babu. Ka yi min dariya gobe. Yanzu dai a sake kunnawa."

"Ba a sake kunna gwajin da ya faɗi sai an san dalilin faɗuwarsa. Dokarki ce. Ina jira."

Wanzami ba ya son jarfa. Na zauna a bakin gado ina kallon allon waya. Dalili. Na rubuta cewa laifinsa ne da bai faɗa min zancen gidan ba, na goge. Na rubuta wani abin dariya a kan Gwaggo, na goge. Na daɗe a haka, ina jin muryoyi ƙasa-ƙasa daga falo ban san me ake cewa ba. Duk abin da na iya a duniya shi ne nuna inda wani ya kasa, yau an ce na nuna inda ni na kasa, kuma na san wurin sarai.

A ƙarshe na rubuta, ban sake karantawa ba don kada na goge:

"Dalilin shi ne ina sonka. Tun ranar da ka fara ajiye min shayi nake sonka, na kasa faɗa, na yi ta fakewa da tsiya. Tsoro nake ji kada na faɗa ka ce a ƙara maka lokaci. Ban san ko kalar motar likitan haƙori ba. Don Allah kada ka tafi."

Na danna. Na ji ƙarar shigarsa daga falo. Na rufe ido ina jiran ɗigo uku.

Sai na ji an gyara murya.

"Dalilin... shi ne... ina sonka."

Muryar Abba.

Daga baya Umma ta ba ni labari. Wai Abba ya ce shi ba ya barin aiki rabi, bai ga kicin da banɗakin gidan ba, a dawo masa da wayar ya ƙarasa. Ni kuma na duba sau ɗaya na ga wayar tana hannun mai ita, na ɗauka har yanzu tana can. Abin da ka gani ɗazu ba lallai shi ne yake nan yanzu ba. Ni na koya wa mutane wannan, da alli a allo.

Abba bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Ya karanta shayin, ya karanta tsiyar, ya karanta kalar motar, inda na ji Gwaggo ta yi tsaki. Da ya zo kan "kada ka tafi" sai muryarsa ta ɗan sauka. Ni kuwa ina tsaye a bayan ƙofa, na kifa goshi a jikin katako, ina roƙon ƙasa ta taimaka ta tsage.

"Auta," Abba ya kira. "Idona ya gaji da ƙananan rubutun nan. Fito ki faɗi abin da kike so da bakinki, ga shi ga kawunsa, mu san inda jirgin nan ya dosa."

Na kama mariƙin ƙofa. Hannun ya ƙi murɗawa. Har yanzu ban ji muryar Sakan-Biyar ba, ban san ko yana zaune ba, ko ya miƙe yana neman takalminsa.

"Auta, ana jiranki."

Sai na ji shi, da sanyin muryar nan tasa, kuma na rantse muku ina jin murmushin gefen bakin ya dawo cikinta.

"Abba, a ƙara mata sakan biyar."

Na fara ƙirgawa. Ban kai uku ba na buɗe ƙofar.